Daren Da Na Ƙona Injin Kawu

Wata ranar Talata a zangon karatun da ya wuce, malaminmu na darasin fassara ya shigo aji riƙe da wata 'yar takarda da ya ce ya tsinta cikin kwalin wasu kayan sauti. Ya juya ga allo ya rubuta kalmomi 10 na Turanci daga cikinta, ya ce kowa ya nemo musu Hausa kafin mako ya zagayo. Ta bakwai a cikinsu ita ce wadda Turawa ke kira impidans. Nan take aji ya kaure da gardama, wannan ya ce cikas, wancan ya ce shinge, wata daga baya ta ce turjiya. Ni kuwa na yi gum kamar an ɗinke mini baki, alhali kuwa duk ajin nan ba na jin akwai wanda ya kai ni sanin abin da kalmar ke nufi. Da hanci na fara saninta, ina ɗan shekara 16, a wani daren biki da har yanzu ba a daina yi mini ba'a da shi a gidanmu ba. Tun da kunya ta hana ni magana a aji, bari in sauke nauyin a wannan shafi.

Ni mutumin Kurawa ne, a ƙasar Sabon Birnin Gobir, can arewa maso gabashin Jihar Sakkwato, inda in mutum ya ɗan matsa arewa sai wayarsa ta soma kama layin Nijar. Ƙanen mahaifiyata, wanda duk 'yan gidanmu ke kira Kawu, manomin gero ne da damina, mai noman albasa da rani, amma abin da aka san shi da shi daga garinmu har ƙauyukan kewaye shi ne hayar lasifika. Tun kafin a haife ni ya fara, da lasifika guda mai bakin kakaki da yake ɗaurewa a kan gora, da batirin mota, da rakoda mai kaset. A lokacin, in ji shi, abin da aka fi roƙonsa ya sa shi ne Narambaɗa, don Ibrahim Narambaɗa Tubali namu ne, makaɗin kotson Sarkin Gobir na Isa Amadu, kuma dattawanmu ba su gajiya da jinsa. Sannu a hankali zamani ya juya, kaset ya kau, memori ya shigo, samari suka ce su kiɗan dije suke so, irin wanda in an sa shi mutum zai ji dukan ganga a ƙirjinsa. Kawu ya sayar da bijimi ya tafi Kano ya haɗo kaya.

Kayan nan na san su kamar yunwar cikina, don ni ke share musu ƙura. Akwatunan sipika 4 ne, kowane da babbar sipika mai faɗin inci 15 a ƙasa da 'yar tiwita a sama. Sai mikisa, sai makirufo, sai janareta, sai kuma uban tafiyar, watau amfilifaya, wanda mu inji kawai muke ce masa. Ɓangare biyu gare shi, hagu da dama, kowane ɓangare da bakin waya ja da baƙi. A bayansa, kusa da inda ake ɗaura waya, akwai wani ɗan rubutu na Turanci da lamba 4 da wata alama mai kama da munduwa. A bayan kowane akwati kuma akwai lamba 8 da ita wannan munduwar. Kullum ina ganinsu, ban taɓa tambayar abin da suke nufi ba. Na ɗauka lambar kamfani ce.

Aikina a farko ɗaukar waya ne da zuba fetur, da korar yara daga bayan akwatuna. Da Kawu ya ga ina da hannu sai ya fara bar mini jonawa. Abu biyu ya koya mini. Na farko, ja a kan ja, baƙi a kan baƙi. In waya ta tsufa har ba a gane launinta, sai ya ɗauko batirin tocila guda, ya ɗora bakin wayar ɗaya a gindinsa, ya taɓa ɗayan a kansa, mu duba faifan sipikar: in ya turo waje, to wayar da ke kan batirin ita ce ja, in ya shige ciki an juya. Ya gwada mini da kunnena abin da ke faruwa in aka juya akwati ɗaya cikin biyu. Murya tana nan, amma ƙugin ganga sai ya ɓace, don ɗaya na tura iska a daidai lokacin da ɗaya ke janye ta. Abu na biyu kuwa doka ce kawai ba bayani. Ya nuna ɓangaren hagu, ya nuna na dama, ya ce, "Biyu nan, biyu nan. Kak ka ƙara, ko Sarkin Gobir yac ce ka ƙara." Ban ce me ya sa ba, don a gidanmu yaro ba ya tambayar kawunsa dalili. Daga baya na gane shi ma ba a faɗa masa dalilin ba, wanda ya sayar masa da kayan a Kano haka ya ce masa, shi kuma ya riƙe.

To, bayan an gama kaka a 2018, wani attajirin albasa ya tashi aurar da ɗansa, aka kama kayan Kawu na kwana biyu. Muka loda su a amalanke muka kai filin da ke gaban gidan ango, muka jera akwatuna biyu gabas biyu yamma. Daren farko lafiya lau. A dare na biyu sai ga abokan ango daga wajen Isa a kan babura, da wata tsohuwar mota a bayansu. Tun kafin su sauka suka fara tsiya, wai wannan kiɗa ne ko raɗa, wai su a wajensu in aka kunna kaya har ƙetaren gulbi ana rawa. Ashe a cikin motar akwai akwatuna 4 na wani abokinsu mai irin sana'ar Kawu, wanda suka ce injinsa ya mutu a makon da ya wuce, shi ya sa ya ba su aron akwatunan. Da ina da wayo da na tambayi abin da ya kashe nasa injin.

Kawu ya tafi sallar isha, daga can aka riƙe shi cin tuwo a zauren uban ango. Ni kaɗai ne a bayan mikisa. Babban abokin ango ya dafa kafaɗata, ya kira ni injiniya, ya cusa mini 'yan kuɗi a aljihu, 'yan mata kuma suna kallo. Jama'a, duk wanda ya taɓa zama ɗan shekara 16 ya san abin da ya biyo baya. Na duba bayan akwatunan aro, na ga lamba 8 da munduwa, irin namu sak. Na ce a raina ai jinsi ɗaya ne. Har wani lissafi na yi wanda a lokacin na ga ya yi ma'ana: injin da ke ɗaukar akwati 4 yana wasa, fankarsa ma ba ta gaji ba, in an ƙara masa 4 ai sai dai ya ɗan yi gumi. Na kashe kiɗa, na fere wayoyi da haƙori, na murɗe ja huɗu wuri ɗaya, baƙi huɗu wuri ɗaya, na ɗaura a hagu, na yi haka a dama. Ban kuskure launi ko ɗaya ba, wannan kam in yaba wa kaina.

Da na ɗaga murya sai fili ya ɗauka. Gaskiya ban taɓa jin kayan Kawu sun yi irin wannan ƙugi ba, har ƙasa kake ji tana motsi a tafin ƙafarka. Mutanen Isa suka yi ta tafi, aka ɗaga hannuna sama kamar ɗan damben da ya yi kisa. Waƙa ɗaya ta wuce, ta biyu ta wuce. A tsakiyar ta uku na lura janareta ya sake murya, yana nishi duk lokacin da ganga ta faɗi, ƙwan lantarkin da muka rataya yana lumshewa tare da kiɗan. Sai muryar mawaƙin ta fara tsagewa kamar mai mura. Sai wani wari, tsakanin warin roba da na gashin da ya ƙone. Ina cikin waige-waigen inda aka zubar da garwashi sai na ji fat, wani siririn hayaƙi ya fito ta ramukan inji, ɓangaren hagu ya ɗauke, kafin in kai hannu na dama ya bi shi. Shirun da ya sauka a filin nan, ba na fatan maƙiyina ya tsaya a tsakiyarsa. Sai janareta kaɗai ke ta ɓaɓatu, ya samu sauƙi.

Allah Ya saka wa wani tsohon makaɗin mahauta da alheri, wanda ke zaune a gefe tun magariba ba wanda ya kula shi. Shi ya saɓa kalangunsa ya shiga fili, 'yan mata suka bi shi, biki ya ci gaba har tsakar dare, wasu tsofaffi ma suka ce sai yanzu aka fara. Mutanen Isa kuwa suka kwance akwatunansu suka mayar mota, wanda ya kira ni injiniya ko kallona bai sake yi ba.

Kawu ya iso da tocila. Ya ɗora tafin hannu a kan inji, ya janye da sauri. Ya zagaya baya ya haska wayoyin da aka bari a murɗe, ya ƙirga su da yatsa.

"Nawa kas sa?"

"Huɗu-huɗu, Kawu."

"Wa yac ce ma ka sa?"

Na yi shiru. Ya daɗe yana kallon injin, sa'an nan ya ce in naɗe wayoyi. Da ya mare ni da ya fi mini sauƙi. Washegari ya mayar wa uban ango rabin kuɗin haya, ya kuma aika wa wasu gidaje biyu da suka kama kaya a makon cewa su nemi wani. Lokacin bukukuwa ke nan, watanni biyu ko uku da mai wannan sana'a ke samun abin da zai ci shekara. Mahaifiyata ta kwana uku ba ta amsa gaisuwata da baki, sai da ka. Hukuncin da Kawu ya yanke shi ne ni zan rungumi injin a cinyata daga Sabon Birni har Sakkwato, kuma in tsaya in ji abin da mai gyara zai ce. Haka aka yi. Muka bi ta Goronyo a motar haya, ƙarfen nan mai nauyin ɗan maraƙi yana kan ƙafafuna, da muka sauka sai da aka kama ni na miƙe.

Mai gyaran wani dattijo ne a wata 'yar rumfa kusa da kasuwa, da tabarau da aka ɗaure ƙafarsa da zare. Ya kwance murfi, ya sunkuya ya shaƙa, ya ce, "Wanga inji wa yak kashe shi?" Kawu ya nuna ni da haɓa. Dattijo ya bi jerin tiransistocin da ke manne a jikin wani ƙarfe mai haƙora, yana taɓa ƙafafunsu da bakin mita, yana cewa wagga ta tafi, wagga ma ta tafi. Can sai ya zaro fiyus, ya ɗaga shi ga haske. An naɗe shi da zaren tagulla, watau ya taɓa tsinkewa aka ɗaure shi da waya maimakon a sayi sabo. Ya dubi Kawu ta saman tabarau ya ce, "Wanga kau ba aikin yaro ba na." Kawu ya yi gyaran murya ya kalli titi. Fiyus ɗin nan an sa shi ne don ya mutu a madadin inji, da na gaskiya ne a wurin mai yiwuwa da shi kaɗai za mu saya. Ban taɓa tayar wa Kawu da wannan zance ba, sai yau da na rubuta shi, kuma na san ba ya karanta mujallar nan.

Dattijon ya ce in matso ya gwada mini. Ya nuna randar ruwan da ke bakin rumfa ya ce in ɗauka inji ita ce, kowace sipika kuma huji ce a gindinta. Lambar nan mai munduwa sunanta om, tana faɗin yadda hujin yake da ƙunci. Om 8 ƙaramin huji ne, om 4 ya ninka shi faɗi, om 2 kuwa ɓaraka ce. Ashe ni a juye na fahimci abin. In an ɗaura sipika a kan sipika, ja da ja, baƙi da baƙi, kowace sabuwa wani huji ce aka ƙara, sai lambar ta yi ƙasa, wutar da inji zai zubar ta yi sama. Akwati biyu masu om 8 in an haɗa su haka sun zama om 4. Uku sun zama biyu da ɗigo bakwai, kusan. Huɗu sun zama om 2. Lamba 4 ɗin da nake sharewa kullum a bayan inji kuwa gargaɗi ce, cewa kada abin da za a ɗora wa kowane ɓangare ya gaza om 4. Dokar Kawu ta biyu nan biyu nan, ashe daidai bakin iyaka take. Ni na ƙetare ta da ninki.

Ya ɗauki ƙusa ya yi mini lissafi a ƙasa, har yau ina ganinsa. In inji yana tura bolt 40, sipika mai om 8 za ta ja amfiya 5. In aka sauko om 4, amfiya 10. In aka kai om 2, amfiya 20. Duk wannan wuta ta cikin tiransistocin nan take bi, su kuma zafi suke yi gwargwadon abin da ya ratsa su, fanka tana fifita su. Ƙugin da mutanen Isa suka yi wa tafi, ƙugin inji ne yana zubar da abin da ya fi ƙarfinsa, nishin janareta kuma shaida ce da na ji da kunnena ban gane ba.

Na yi ƙarfin hali na tambaye shi ko akwai yadda za a sa akwati huɗu a ɓangare ɗaya inji ya rayu. Ya ce akwai. Akwai wani haɗin da shi yake kira jerin raƙuma: jan inji ya shiga jan akwati na farko, baƙin na farko ya shiga jan na biyu, baƙin na biyu ya koma inji. A nan wuta hanya guda take bi, ta ratsa wannan ta ratsa wancan, don haka lambobin tarawa ake yi, 8 da 8 su ba da 16. In ka yi jeri biyu irin wannan, sa'an nan ka haɗa jerin biyu ja da ja, baƙi da baƙi, 16 da 16 sun dawo om 8. Akwati huɗu ke nan a ɓangare ɗaya, inji yana shan iska. Na ce ashe da na san wannan da na fita kunya. Ya yi dariya ya ce da na tsira da inji dai, amma mutanen Isa ba za su ji wani bambanci mai yawa ba, don a om 8 inji ba ya ba da ƙarfin da yake bayarwa a om 4, kuma ɗan abin da ya bayar akwati huɗu za su raba. Yawan akwati ba ya ƙara wa inji ƙarfi. Mai son ƙarar akwati 8 sai ya nemo inji na biyu.

Bari in ɗan ratse in yi magana da 'yan'uwana ɗalibai da ke hayar kaya ranar bikin ƙungiya, don na ga abin da ake yi a bayan dandali har gabana ya faɗi. Kafin ku bar wani ya ƙara akwati, ku zagaya ku karanta lambar da ke bayan inji da ta bayan akwatin. Akwai kuma wani ɗan maɓalli a bayan wasu injuna da ke haɗe ɓangarorin biyu su zama ɗaya don ƙarin ƙarfi. In an danna shi, kowane ɓangare rabin lambar yake gani, akwati mai om 8 sai ya zame masa kamar mai 4, mai 4 kuwa kamar mai 2. Kuma in kun ji murya ta fara tsagewa, ko jar fitilar gaban inji ta tsaya a kunne, ku rage. Sautin da ya tsage shi ke cinye tiwita.

Gyaran nan buhu 3 na gero ya ci, ban da kuɗin mota. Rani biyu na yi ina ban ruwa a fadamar Kawu ba lada, kuma ban ga an zalunce ni ba.

Abin da ya rage mini a rai daga rumfar dattijon nan wani ƙaramin abu ne. Ya ɗora mitarsa a kan wata sipika da aka rubuta wa om 8, sai ta nuna shida da 'yan kai. Na ce ko ta lalace ne. Ya ce lafiyarta lau, haka suke nunawa. Bai ƙara bayani ba, sai bayan shekaru da na samu littafin kimiyya na sakandare da wayar da ke shiga intanet na warware wa kaina. Mita da wutar batir take aunawa, wadda ke tafiya gefe guda ba ta juyawa, don haka abin da take gani shi ne turjiyar zaren tagullar da aka naɗe a cikin sipika kawai. Kiɗa kuwa wuta ce mai kai da komowa, sau da yawa a cikin daƙiƙa guda, kuma naɗin tagullar nan yana motsi a cikin maganaɗisu. Saboda haka yadda sipika ke tare wuta yana sauyawa da irin sautin da aka aika mata, a wani amon lambar ta haura sosai, a wani ta sauko ƙasa da 8. Lambar da ke bayan akwati laƙabi ce aka ba ta don a samu abin lissafi. Sunan om kuwa na wani malamin makaranta ne Bajamushe, Georg Ohm, wanda ya buga littafinsa a kan wannan lissafi a 1827, ita kuma kalmar impidans wani Baturen Ingila, Oliver Heaviside, ya ƙirƙiro ta a 1886. Watau su ma Turawan zama suka yi suka ƙera kalmar, kamar yadda malam ya sa mu.

Don haka yarinyar da ta ce turjiya ta kusa, sai dai turjiya ta fi dacewa da abin da mita ke nunawa. Ni abin da na rubuta wa malam shi ne turjiya mai sauyawa. Ba na alfahari da ita, ta yi tsawo, kuma a ƙasarmu a 'yan shekarun nan kalmar tana kama da wani suna da mutane ba su son ambata bayan magariba. A ƙarƙashinta na ƙara cewa masu sana'ar ba su jira mu ba. Su ta wajen ci suke kallon abin. Za ka ji mai gyara ya ce wannan sipika ta fi waccan ci, ko an yi wa inji kaya ya fi ƙarfinsa. A ganina tasu ta fi tamu amfani ga yaro mai waya a hannu, don da an ce mini akwati huɗu bakuna huɗu ne a akushi ɗaya, da na gane tun ina ɗan shekara 16. Tamu kuwa ta fi tasu a takardar jarrabawa, inda dole lamba ta hau in kalmar ta hau.

Injin ya dawo, amma kasuwarsa ba ta daɗe ba. Daga 2019 abin da kowa ya sani ya tsananta a Sabon Birni da Isa, mutane da yawa daga ƙauyukanmu suka tsallaka zuwa jihar Maraɗi, wajen Gidan Runji. Ba wanda ya kafa dokar hana kiɗan dare a garinmu. Kowa dai ya gane da kansa cewa akwatin da ake ji daga nesa yana shelar cewa ga taro, ga babura, ga wayoyi, ga amarya da kayanta. Aka koma ɗaurin aure da hantsi, a watse kafin la'asar.

A watan Satumba na 2021 gwamnati ta sa aka katse layukan waya a ƙananan hukumomi da dama na Jihar Sakkwato, har da tamu. Sai ga shi an wayi gari ba yadda mutum zai sanar da na ƙarshen gari komai sai da ƙafa. Dattawan masallacin unguwarmu suka kira Kawu suka ce a ƙara lasifika, a kai wasu nesa, yadda in an yi sanarwa kowa zai ji. Injin masallaci irin na Ahuja ne, na Indiya, mai aiki da batir, ana cajinsa da farantin sola. A bayansa akwai jerin sukurori, an rubuta musu 4 da 8 da 16, sai kuma 70 da 100 na bolt. Kawu ya so ya ja doguwar waya kawai daga sukurin 4. Na ce masa, cikin ladabi, siririyar waya mai wannan tsawo ita ma tana da nata om, za ta shanye rabin muryar liman kafin ta isa. Sukurin 100 don irin wannan aka yi shi: kowace lasifika a sa mata 'yar taransifoma, a ɗaura su duka a layi ɗaya, sai a bar lissafin om a koma tara wat, kada jimlar ta wuce ƙarfin inji. Na tsuguna na rubuta a ƙasa da tsinke, wat 30 sau 4, 120, inji kuwa na 160 ne. Kawu ya daɗe yana duban rubutun. Bai ce na yi daidai ba, cewa ya yi in hau dogon yaron in ɗaura, shi zai riƙe tsani. Abin da aka riƙa faɗa ta lasifikokin nan a watannin da suka biyo baya, jana'iza ce, da cigiyar yara, da kiran a shigo da dabbobi.

Da hutun da ya wuce na je gida. Akwatunan suna ɗakin Kawu an lulluɓe su da tabarma, buhunan gero a kansu. Yakan fitar da biyu in an yi walimar rana, ya sa su can ƙasa-ƙasa. Na faɗa masa an yi darasi a kan sana'arsa a jami'a, har na gaya masa kalmar da na rubuta. Ya maimaita ta sau biyu, ya ce, "Jaki dai nis sani da turjiya." Sa'an nan ya ce tun da na zama malami in duba masa akwati na huɗu, ya daina magana tun bara. Na sauke buhuna, na kwance ragar gaba, na ɗauko batirin tocila na taɓa. Faifan bai motsa ba. Na sa mita, ba ta nuna komai ba. Da na haska ciki sai ga sheƙar ɓera, ya cinye 'yar wayar da ke shiga naɗin tagulla, ya kuma fara gefen faifan. Na ce wannan sai an kai Sakkwato an sake naɗi. Kawu ya ce a mayar da tabarma, a bari hanya ta yi kyau.